Littafin Hotuna Don Goron Sallah: Ɗinkakke ko Mai Gam?

Wanda zai ba yaro littafin labarai mai hotuna a matsayin goron Sallah ko kyautar Kirsimeti, iri biyu zai tarar a kanti: mai bangon kwali da aka ɗinke da zare, da mai taushin bango da aka manne da gam.

A buɗe littafin a duba tsagar da ke tsakanin shafuka. In an ga zare, ɗinkakke ne. Irin wannan yakan shimfiɗu sosai, don haka zanen da ya mamaye shafi biyu, kamar na hawan Sallah, ba ya nutsewa cikin tsaga. Takardarsa galibi mai sheƙi ce, mai nauyin giram 130 zuwa 150 a kowace murabba'in mita, launi ba ya ratsawa baya. Aibinsa tsada da nauyi, kuma da hunturu bangon kan lanƙwashe in ba a danne shi ba.

Mai gam ya fi araha, ga sauƙin ɗauka. Sai dai zafin bazara da yawan buɗewa kan sa gam ya tsage, shafuka su fara zubewa. Takardar giram 70 ko 80 kuma tana nuna inuwar hoton baya.

Ga ɗan shekara huɗu zuwa bakwai, wanda za a yi ta maimaita masa labari kowane dare, ɗinkakken ya cancanci kuɗinsa. In yara goma za a raba wa, mai gam ya wadatar, a sa wa bangon leda. Idan labarin layya ne, a duba hotunan tukuna, kada a ce an zana siffar Annabi Ibrahim (AS).