Ruwan zafi lokacin ɗari: injin dumama ruwa na wuta ko na rana?

Da Nuwamba ta kama a Yamai, masu zuwa shagona tambayarsu ɗaya: "Malam, wanne zan saka?"

Ruwa ba ya daskarewa a tiyo a nan. Damuwarmu wankan asuba ne a Disamba da Janairu. Na wuta ya fi araha, yini ɗaya an ɗora shi a bango. Sai dai takardar kuɗin wuta ta kamfanin NIGELEC za ta yi nauyi, kuma in babu wayar ƙasa, mai sauke wutar da ta tsere zuwa cikin ƙasa, yana iya jan mutum yana cikin wanka.

Na rana da tsada, amma bayan saye rana ba ta karɓar ko dala. Tankin lita 200, ruwansa kaɗai kilo 200 ne, don haka a duba ƙarfin rufi. Ƙurar hunturu kuwa tana rufe gilashin, sai an riƙa gogewa (wa zai hau sama da sanyin safiya?).

Kowanne ka ɗauka, tiyon PPR, na roba mai jure zafi, za a sa. Tiyon PVC na ruwan sanyi yana laushi da zafi.

Ɗan haya mai ƙaramin iyali, na wuta ya ishe shi. Mai gidan kansa da yara rututu, na rana zai fi masa.