Man tung ko sufa gulu: abin da na gani a kan usur ɗin kiran agwagwa

Duk wanda ya zauna a jihar Arkansas ta Amurka ya san yadda ake ji da farautar agwagwar daji. A garin Stuttgart, cikin gonakin shinkafa, tun 1936 ake gasar duniya ta busa usur ɗin kiran agwagwa. A nan na koyi sassaƙa shi da katako, kuma abin da ya fi cin hankalina shi ne me za a shafa masa bayan an gama goge shi da sanfefa.

Shi wannan usur ba kayan ado ba ne. Yana rataye a wuyan mafarauci cikin sanyin hunturu, ruwa na dukansa, yawu na shiga cikinsa, hannu mai laka na damƙarsa. Don haka ƙyalli kaɗai ba ya burge ni.

Masu sayarwa da yawa sufa gulu suke shafawa yayin da katakon ke juyawa a kan inji. Gaskiya yana da kyau, sai ka ga abu kamar gilashi, kuma cikin yini guda ka gama. Amma warinsa na sa ido hawaye, dole ka buɗe taga. Sannan idan usur ya faɗi a kan dutse, wurin ya tsage, ruwa ya samu hanya ya shiga ƙarƙashi, sai ka ga fari-fari. Gyaransa kuwa sai an kankare duka an sake sabon lale.

Man tung tsantsa, wanda ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiyar ƙasar Sin, shi ne na tsaya a kai. Ba ya zama a saman katako, ciki yake shiga, iska ce ke busar da shi a hankali. To, a nan ake buƙatar haƙuri. Ka shafa kaɗan da tsumma, ka bari ya sha, ka goge ragowar tas, ka jira kwanaki kafin ka ƙara. Wanda ya yi gaggawa ya lafta masa da yawa zai tarar da shi yana danƙo. Amma in ya bushe, a hannu katako kake ji, ba roba ba, kuma ko da jiƙaƙƙen hannu ba ya santsi. Ya koɗe bayan kaka guda? Ka ɗan goge, ka sake shafawa, shi ke nan. A kan katakon walnut da maple ban ga kamarsa ba.

Inda bai yi ba shi ne katako mai mai a jikinsa, irin cocobolo. Man katakon na hana shi bushewa, sai ya yi makonni yana manne wa yatsa. Irin wannan, kaki kawai nake goga masa bayan sanfefa mai laushi.

Cikin ramin usur ɗin nakan zuba man tung kaɗan in tsiyaye, saboda yawu. Amma ba na barin ya taru inda harshen roba, wato 'yar siririyar robar da ke kaɗawa ta fitar da sauti, yake kwanciya, domin ɗan kaurin da ido ba ya gani ya isa ya canza muryar. Tsumman da aka yi aiki da shi kuma a shanya shi a waje ko a tsoma a ruwa. In aka dunƙule shi a kwandon shara yana iya kama wuta da kansa.