Majigi ko baje kolin zane: da wanne cibiyarku za ta fara?

Malama, kin ce kuɗin da kwamitin cibiyar al'adunku ta mazauna ƙasar waje ya tara bana na abu ɗaya ne kawai: ko ku riƙa nuna fina-finai a zauren, ko ku shirya baje kolin zane-zane da hotuna, kina tambayar wanne ya fi. Ni dai baje kolin zan zaɓa. Amma bari in fara ba majigi haƙƙinsa, don ba abin rainawa ba ne.

Babu abin da ya kai fim saurin tara jama'a. Kujeru, farin bango, na'urar majigi da lasifika mai kyau, awa biyu an gama. Dattijuwar da ta daɗe rabonta da jin harshenta ya cika ɗaki za ta zo, jikanta da harshen bai zauna a bakinsa ba zai bi fassarar da ke ƙasan allo, su yi dariya a wuri ɗaya. In aka kunna fitilu aka zauna tattaunawa, nan ake cin ribar daren.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne wajen izini. Faifan da kika saya ko kuɗin Netflix da kike biya na kallon gida ne. Nuna wa taro, ko da kyauta ake shiga, a yawancin ƙasashe sai da lasisi. A Amurka kamfani irin Swank ke bayarwa, a Ingila akwai Filmbankmedia, sai dai sun fi riƙe da fina-finan manyan kamfanoni. Fim ɗin da aka yi can ƙasarku ta asali, wanda shi kuke so, sau da yawa sai kun nemo furodusan da kanku, kuma ku tabbatar kwafin da zai aiko yana da fassara. Ku gwada sauti tun kafin ranar, don zauren da ke amsa-kuwwa yana cinye maganar 'yan wasa.

Baje koli kuwa ya fi wahala, ba zan ɓoye miki ba. Ba aikin dare ɗaya ba ne, makonni yake yi, kuma kullum sai an sami mai buɗe ƙofa ya zauna gadi. Ga kuɗin firam, ga inshora in kayan aro ne masu daraja, ga takardar yarjejeniya da kowane mai kaya: me ya kawo, a wane hali, yaushe za a mayar masa. Ga kuma haske. Gidajen tarihi kan tsayar da hasken da ke sauka kan takarda, yadi da tsofaffin hotuna a wajen lux 50, wato haske mai laushi ƙwarai, laimar ɗaki kuma kusa da kashi 50 cikin ɗari. Launin da rana ta koɗar ba ya dawowa. Shi ya sa nake cewa tsohon hoton iyali a kwafe shi a rataye kwafin, a mayar wa masu shi da na asali.

To me ya sa duk da haka na zaɓe shi? Saboda fim daga can gida yake zuwa, baje koli kuwa daga nan yake fitowa. Fim yana nuna muku ƙasar da aka baro, kuma yau mai waya a hannu yana iya samun da yawa daga cikinsu a ɗakinsa. Amma labarin waɗanda suka sauka a wannan birni, sana'ar da suka fara, ɗakin da suka fara haya, zanen da 'yarsu haifaffiyar nan take yi, babu kamfanin da zai aiko muku da shi. Yana cikin akwatunan mutanenku, in ba ku fito da shi ba, ranar da tsofaffi suka kau sai a zubar.

Dubi yadda wasu manyan cibiyoyi suka faro. A 1961 Margaret Burroughs, mai zane kuma malamar makaranta, ta buɗe gidan tarihin baƙaƙen fata a cikin gidanta a Chicago, shi ne ya zama DuSable. A 1969 Raphael Montañez Ortiz ya kafa gidan tarihin El Museo del Barrio a New York, bayan iyaye 'yan Puerto Rico na gabashin Harlem sun matsa a koya wa 'ya'yansu al'adunsu, kuma a ajin makaranta aka fara. Cibiyar Schomburg ma, ta nazarin tarihin baƙaƙen fata a New York, ta faro ne daga tarin littattafai da zane-zanen mutum ɗaya, Arturo Schomburg, tarin da aka saya wa ɗakin karatun birnin a 1926 kan dala 10,000. Wanda ya fi taɓa ni shi ne gidan tarihin Japanawan Amurka da aka buɗe a Los Angeles a 1992. Sun kwance ɗakin katako daga sansanin Heart Mountain, ɗaya daga cikin wuraren da aka tsare mutum wajen 120,000 'yan asalin Japan lokacin yaƙin duniya na biyu, suka kawo shi don jikoki su tsaya a gabansa. Gani ya kori ji.

Sharaɗi ɗaya ne zai sa in sauya magana. In zauren ba naku ba ne, haya kuke yi ta 'yan awanni, ko babu makullin da za ku amince wa, ku yi majigi, kada ku ɗauki amanar kayan mutane.

In kuwa zauren a hannunku yake, kuna iya shigar da majigin cikin baje kolin ba tare da kuɗin lasisi ba. Ku roƙi iyalai tsofaffin kaset-kaset na bidiyo da suka ɗauka da kansu, a mayar da su kan kwamfuta, a yanko minti ashirin a nuna daren buɗewa da yardar masu su. Ku fara da gida goma, kuma wanda zai je karɓo kayan ya tafi da na'urar naɗar murya, don bayanin da mai hoto zai yi yana miƙo shi, shi za ku rubuta a ƙarƙashinsa.