Vespa mai mutuwa in ta ɗau zafi: sabuwar kafireta ko CDI?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce Vesparka tana mutuwa in ta ɗau zafi, kana tambaya ko sabuwar kafireta za ka saya ko CDI, wato na'urar lantaronik mai ba fulogi wuta a madadin kwantak. Kada ka sayi kafiretar nan. Cikin makanikan biyu da ka ce sun duba maka, wanda ya ce a cire kwantak a sa CDI shi ya fi kusa da ciwon. Vespar da za ta tashi da bugu ɗaya da safe, ta yi tafiyarta lafiya lau, sai ta ɗau zafi ta fara tari ta mutu, kuma ta ƙi tashi sai ta huce, galibi wuta ce ke gudu mata. Kafireta mai datti ba ta jira sai inji ya yi zafi, tun daga ƙofar gida take nuna halinta.

Amma kafin ka fitar da ko sisi, ka tabbatar da idonka. Riƙa tafiya da sifanar fulogi da tsumma. Da zarar ta mutu, kada ka bari ta huce: kwance fulogin, mayar da shi cikin hularsa, ɗora ƙarfen jikinsa a kan inji, ka buga kik. Ka yi wannan a inuwa, don a tsakar rana ba za ka ga komai ba. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce mai kauri, har ƙas-ƙas za ka ji tana yi. In ka ga ja-ja siririya, ko ta zo sau ɗaya ta ɗauke, ko babu ita sam, an gama magana. Sannan ka dubi bakin fulogin. In a jiƙe yake da fetur, mai yana isowa, abin da zai kunna shi ne babu. In kuwa a bushe yake ƙayau kuma wutar tana da kyau, to nan ne za a koma wajen mai, kuma ko a nan ɗin ba kafireta ake fara tuhuma ba. Buɗe murfin tanki ka saurara. Akwai 'yar ƙofar iska a jikinsa, in ta toshe mai ba ya sauka, tunda Vespa ba ta da famfon tura mai, gangarowa kawai yake yi. In ka buɗe ka ji ta ja iska, bayan ɗan lokaci ta tashi, murfin ne. Haka tiyon da ya taso daga makunnin mai: in ya lanƙwashe ko ya yi tsawo da yawa, zai ba ta na yawon unguwa, ya hana ta na doguwar hanya.

To ga dalilin da ya sa na tsaya a kan CDI. Kwantak bakin ƙarfe biyu ne da ke buɗewa suna rufewa duk juyin inji, a bayan filawil, inda zafi ya fi taruwa. Ɗan dunduniyar da ke gogar kam yana cinyewa a hankali, tazarar da ya kamata ta tsaya wajen milimita 0.4 sai ta riƙa matsewa, lokacin wuta ya goce. Kwandansa kuma, 'yar na'urar da ke hana bakin kwantak tartsatsi, tana nan maƙale kusa da shi. In ta tsufa, da sanyi za ta yi aiki, da zafi ta saki, kwantak ya riƙa tartsatsi yana ƙonewa, abin da ke isa fulogi ya zama ba shi da ƙarfi. Wannan shi ne ainihin mutuwar zafi da kake gani. CDI ba shi da abin da ke gogar wani, saboda haka in an saita shi daidai, ya zauna ke nan. Kamfanin Piaggio mai ƙera Vespa da kansa ya bar kwantak: samfurin P200E ta fito da wutar lantaronik, wato CDI, tun 1977, daga baya ƙananan PX ma suka bi sahu.

Tawa P150X ce, wadda kawuna ya yi shekaru yana zuwa makarantar da yake koyarwa a kanta kafin ta dawo hannuna. Irin ciwon taka ta yi. Wani dattijon makanike da ya tsufa a kan Vespa ya cire filawil a gabana, ya ce in matso in gani. Bakin kwantak ya yi baƙi ya rarake, wayoyin da suka fito daga farantin kwayil kuwa da ya murza robarsu da yatsa sai ta marmashe kamar ƙuli-ƙuli, jan ƙarfen yana taɓa jikin inji. Ya sa mata cikakken saitin CDI, ya ja sababbin wayoyi har akwatin haɗi. Da bazara na hau ta daga Zariya zuwa Funtuwa, rana tana dukan kwalta. Na tsaya a Giwa na sha ruwa, injin yana huci, na taka kik sau ɗaya ta amsa. Wallahi daɗin da na ji a ranar ba kaɗan ba ne, don a da in na kashe ta a irin wannan zafin sai na nemi inuwa na zauna jira. Fitilar gaba ma ta zama ta kirki da dare.

Ka dai san abin da za ka saya. Ba akwatin CDI kaɗai ba ne. Saiti ne: farantin kwayil, filawil ɗin da ya dace da shi, akwatin CDI da regileta. In wutar taka mai bolt 6 ce, sai an canja ƙwayayen fitila zuwa na 12. In kuma Vespar taka samfurin Sprint ce ko Super, ka je da tsohon filawil ɗinka a gwada, domin bakin kirankin yawancin tsofaffin nan ba ɗaya ba ne da na PX. Aibinsa guda ne: kwantak in ya ba ka matsala a hanya, da sanfefa da sukundireba za ka lallaɓa shi ka isa gida, CDI kuwa in ya mutu ya mutu. Don haka ka ajiye ƙarin akwatin CDI ɗaya a ma'ajiyar kaya. Saitin ya fi kafiretar tsada, ban musa ba. In kuɗin bai kai ba yanzu, canja kwantak da kwandansa tare, kada ɗaya ban da ɗaya, ka hau kafin ka tara.

Sabuwar kafireta mai arha kuwa, na taɓa sayen ɗaya, silo bai taɓa zama daidai ba, ga yoyon mai, tana can cikin gwangwani. Abin da zan iya faɗa a kanta ke nan.

Wadda ta zo da mashin ɗin, in Dell'Orto SI 20/20 ce ko Spaco ta Indiya, ba a yar da ita. Wanki take so. A kwance jet-jet a hura da iska, kada a zura musu waya don ramin yana faɗaɗa. A wanke 'yar matatar da ke ƙarƙashin murfin sama, nan tsatsar tanki da dattin man bumburutu ke taruwa. A sa sabuwar allurar fulot da sabon fakin. Notunan nan biyu da ke riƙe ta kuma a ɗaure su bi da bi, da sauƙin hannu, domin ɗaurin ƙarfi yana murɗe gindinta ta riƙa shan iska. Kuma don Allah man 2T na gaske za ka riƙa haɗawa, kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 a kowace lita. Baƙin mai na mota yana kashe fulogi, sai a ɗora wa wuta laifin da ba nata ba.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka. Akwai masu matsa wa mutum ya sayi sabuwar kafireta don kawai ta asalin ta zauna a hannunsu, su wanke ta su sayar wa wani da tsada. Duk abin da aka cire daga mashin ɗinka, karɓi kayanka ka sa a leda. A wajen masu kayan gyara ma ka buɗe ido: ana wanke tsohon farantin kwayil da ya ƙone a shafa masa fenti, ana zuba jabu a kwalin Ducati mai ƙera kayan wutar Vespa, fulogin NGK ma akwai na bogi da yawa. Ka shinshina kwayil ɗin, in da ƙauri ka ajiye. Ka tafi da makanikenka, ku yi sharaɗi da mai shago a gaban shaida cewa in an ɗaura bai ba da wuta ba za a dawo da shi. Wanda ya ƙi yarda da haka, wuce shago na gaba.

Yi gwajin fulogin nan gobe. In wutar ta ɗauke da zafi, sa CDI, a wanke maka tsohuwar kafiretarka a mayar. Ranar ɗaurawa ka ce ya duba ɗan makullin da ke tsakanin filawil da kiranki, don in ya sare, ko sabon saiti ba zai ba da wuta a kan lokaci ba.