Ziyarar tukuici zuwa Filin Wasa na Ahmadu Bello: ta cancanci kuɗinta, amma a sa ido

Wasu makarantu a Kaduna sun fara barin tsohuwar al'adar nan ta miƙa wa ɗaliban da suka yi fice a wasanni bokitin roba da littattafan rubutu ranar rabon kyaututtuka, sun koma kai su ziyara filin ƙwallo a matsayin tukuici. Da kasuwar ta buɗe, sai aka samu masu ɗaukar nauyin shirya irin wannan fita gaba ɗayanta, wato mota da izinin shiga da ɗan jagora da abincin rana, makaranta kuma ta biya bisa kan kowane yaro. Makarantarmu ta yi ciniki da ɗaya daga cikinsu bayan gasar wasannin gidaje, ni kuma na raka yaran a matsayina na malamin wasanni. A ganina hidimar ta cancanci kuɗin da aka biya, sai dai ba don abubuwan da aka fi kururutawa a takardar tallarsu ba.

Motar ba ta da abin zargi. Bas ce mai tsabta, kowane yaro ya samu kujerarsa, direban kuma bai yi ganganci ba. Rigunan da aka raba wa yara na yayi ne kawai, ba za su jure wanki ba.

Abin da ya biya kuɗin shi ne an bar yaran sun sauka cikin filin da ƙafarsu, ba a tsaya nuna musu shi daga rumfar 'yan kallo ba. Yawancin yaranmu a fako suka koyi ƙwallo, a filayen unguwa na Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi, inda duwatsu biyu ko silifa ke zama turakun raga, kuma wanda ya faɗi sai ya tashi da ƙujewa a gwiwa. Da muka fito bakin ciyawar, wani yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ya durƙusa ya shafa ta da tafin hannu, sannan ya ɗago ya ce mini, "Malam, a nan ko an kayar da mutum ai ba zai ji ciwo ba." Golanmu kuwa, wanda a makaranta yake cika baki cewa ba a zura masa ƙwallo, ya tsaya tsakanin turaku ya ware hannuwansa, ya dubi dama ya dubi hagu, ya yi tsit. Raga ta ƙa'ida faɗinta mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44, kuma sai da ya tsaya a cikinta ya gane dalilin da ya sa nake matsa masa ya koyi fitowa ya rage wa ɗan wasan gaba kusurwa, maimakon ya manne a kan layi yana jiran sa'a. Na sha faɗa masa haka a makaranta bai ji ba.

Ɗan jagoran shi ne abu na biyu, kuma da za a cire shi da ziyarar ta zama yawon ganin siminti. Dattijo ne da ya san ƙwallon Kaduna ciki da bai, yana kiran yaran "'ya'yana", su kuma suna ce masa Baba. Ya fara da cewa filin yana nan tun shekarun 1960, yana ɗauke da sunan Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa, kuma an buga wasannin gasar matasa ta duniya a cikinsa a 1999, da na gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Amma inda ya kama hankalinsu shi ne lokacin da ya shiga lissafa 'yan gari. Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a ragar Bulgeriya a 1994, a Kaduna aka haife shi, a ƙungiyar masaƙar UNTL kuma ya fara. Daniel Amokachi ya fito ne daga ƙungiyar Ranchers Bees ta Kaduna. A wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, wanda Najeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2, biyu daga cikin ƙwallayen uku haifaffun Kaduna ne suka ci su, Celestine Babayaro da Amokachi, ga kuma Garba Lawal da Tijjani Babangida a cikin tawagar. Yaran da za su iya jero maka 'yan wasan Arsenal da Barcelona har da na benci, da yawansu ba su taɓa jin cewa Kaduna United ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2010 ba.

Wasu iyaye sun so a ce ranar wasa aka kai yaran, domin su ga filin a cike. Masu shirya ziyarar sun ƙi, kuma ina bayansu a kan haka. Duk wanda yake garin nan a watan Maris na 2016 ya tuna wasan Najeriya da Masar, wanda aka tashi kunnen doki 1 da 1 bayan Mohamed Salah ya farke ƙwallon Oghenekaro Etebo dab da tashi, ya kuma tuna yadda jama'a suka cika filin har wasu suka ɗare ƙarafan fitilu. Ba kowane wasa ne ke tara mutane haka ba, amma malami ɗaya ba zai iya tsare yara masu yawa a cikin turmutsutsun ƙofa ba, kuma ranar wasa babu mai barin ɗalibi ya taka ciyawa.

Inda masu hidimar suka gaza shi ne lokaci da ruwa. An yi alkawarin mota da sassafe, ba ta iso ba sai da hantsi ya dubi ludayi, saboda haka zagayen ya faɗo tsakiyar rana, ga shi ruwan ledar da suka tanada ya ƙare tun kafin a kai rabi, sai da malamai suka sa hannu a aljihu. Ba su zo da akwatin agajin gaggawa ba, namu na makaranta muka yi amfani da shi da wata yarinya ta ji jiri. Ba su kuma sa sallar Azahar cikin tsarin ba, alhali kowa ya san za ta riske mu a can. Shinkafar da aka raba ta yi daɗi, amma ta iso a sanyaye.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka tsara komai kamar maza 'yan ƙwallo kaɗai ne za su zo. Kusan rabin tawagarmu 'yan mata ne da suka ci tsere da miƙa sanda da dogon tsalle, ga hanyar tsere ta mita 400 kewaye da filin, amma ba wanda ya yi tunanin cewa su ma suna da abin gani. Sai da malamar da ke tare da mu ta roƙa aka ba su damar zagaye ɗaya, kuma wadda ta zo ta ɗaya a makaranta ta dawo tana haki tana dariya, tana cewa ashe filinmu bai kai rabin wannan ba. Wannan zagayen bai ci ko kwabo ba, ya kamata ya zama cikin tsarin tun farko.

Makarantar da za ta ɗauki irin wannan hidima ta nemi a rubuta mata a takarda cewa yara za su shiga cikin filin, ta tambayi wane ne ɗan jagoran tun kafin ta biya, ta riƙe wani kaso na kuɗin sai mota ta iso a kan lokaci, ta kuma karɓi izinin iyaye a rubuce. A zaɓen ɗalibai ma kada a tsaya ga waɗanda suka ci lambar yabo kaɗai. Mun tafi da wani yaro da bai ci komai ba, amma bai taɓa fashin atisaye ba duk zangon, kuma shi ne ya fi kowa yi wa Baba tambayoyi.