Littafin koyon rubuta manhaja: mai hira ko mai tsauri?

Duk wanda ya tashi sayen littafin koyon rubuta manhaja, salon marubucin ne zai fara cin karo da shi. Wani yana jan ka da hira da zane-zane da raha. Wani kuwa ko gaisuwa babu, sai bayani.

Jerin littattafan Head First na kamfanin O'Reilly, wanda ya fara da na yaren rubuta manhaja na Java a 2003, na cikin masu hirar. Shafukansa cike suke da hotuna da wasannin ƙwaƙwalwa, abu ɗaya a juya shi ta fuska biyu ko uku har ya zauna. Ga wanda bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, wannan yana kashe fargaba, kuma fargabar ce ke sa mutane da yawa su ajiye littafi tun a farko. Matsalar tana zuwa daga baya: ranar da ka dawo neman wata ƙa'ida da ta shige maka, sai ka ratsa labari da hoto kafin ka tono ta.

A ɗaya gefen akwai The C Programming Language na Brian Kernighan da Dennis Ritchie, wanda ya fito a 1978, bugu na biyu a 1988. Bai kai shafi 300 ba, amma kowace jimla da kayanta. Ka tsallake sakin layi ɗaya, ka ɓata hanya. Su kansu marubutan sun faɗa a gabatarwa cewa ba littafin ɗan fari ba ne, sun ɗauka mai karatu ya san tushen abin. Ina girmama wannan gaskiyar tasu ƙwarai.

Ni dai ba na yanke hukunci da babin farko, domin nan kowa ke ado. Buɗe inda ake wahala, kamar foyinta (abin da ke nuna inda aka ajiye bayani a ƙwaƙwalwar kwamfuta) a yaren C, ko aikin da ke kiran kansa (guntun manhaja da ke sake gudanar da kansa), ka karanta shafi biyu. In rahar ta taimaka maka ka gane, madalla. In kuwa an yi ta ne a daidai inda ya kamata a yi bayani, mayar da littafin. Haka shi ma mai tsaurin: in ya jero ƙa'idoji ba misalin da za ka buga da hannunka ka ga sakamako, na dubawa ne, ba na koyo ba.

Sai ka duba shekarar bugu. Misali, an daina tallafa wa Python 2, tsohon samfurin yaren Python, tun 1 ga Janairu 2020. In ka ga an rubuta print "sannu" babu baka biyu, wannan tsohon yayi ne, Python 3 ba za ta karɓa ba.