Khan Academy da Kolibri a Karatun Gida

Iyayen da suka ɗauki nauyin koyar da 'ya'yansu a gida sukan samu kansu tsakanin waɗannan manhajoji biyu na kyauta. Khan Academy, wadda Salman Khan ya kafa a shekarar 2008, ta ginu ne a kan gajerun bidiyoyi da atisaye, kuma ƙarfinta ya fi fitowa a lissafi. Idan yaro ya kasa amsa tambaya, manhajar takan nuna masa matakan warwarewa ɗaya bayan ɗaya, mai koyarwa kuma ya buɗe nasa shafin ya ga daidai inda ɗalibin ya maƙale, ko a ninkawa ne ko a rabawa. Sai dai cin moriyarta sosai yana buƙatar intanet mai ƙarfi, ga bidiyo da cin data.

Kolibri, wadda ƙungiyar Learning Equality ta samar, ta bi wata hanya dabam. Ana sauke ta a kwamfuta ɗaya tare da darussan da aka zaɓa, har da na Khan Academy, sannan sauran na'urorin gidan su haɗu da wannan kwamfutar ba tare da intanet ba. Wahalarta a farko take, domin tace darussa da jera su bisa matakin kowane yaro aiki ne da ke wuyan mai koyarwa.

A ganina, gidan da intanet ke yawan yankewa ya fi dacewa da Kolibri, domin yaro yakan karaya idan bidiyo ya tsaya cak ana tsakiyar bayani.